Isnadin 'Yar Mai Gawayi

Ɗakin da Dela take kwana a gidan Alhaji Ubale, a unguwar Sa'alaba ta Jidda, ba gadonsa ta ci ba, ba kuma haya take biya ba. Tatsuniya ce ta samo mata shi.

Kafin ta samu ɗakin, a sandaƙa take zaune, irin ɗakunan katako da kwanon nan na bakin unguwa, inda rana take gasa mutum tun hantsi. Mijinta Bawa, wanda ya taso da ita daga Mai Wurno ta Sudan suka ƙetaro teku ta Suwakin, ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansu kuma babu wanda ya rayu. Da rana tana sayar da soyayyar gyaɗa a bakin masallaci. Bayan magariba yaran unguwa sukan taru ta yi musu tatsuniya. Yawancinsu haihuwar Jidda ne, suna jin Hausa sarai, amma in za su tambaye ta wani abu sai da Larabci.

Wadda suka fi so ita ce ta 'yar mai gawayi. Wuta ta mutu a wani gari kaf, aka rasa mai zuwa ɗebo ta sai wata yarinya. Ta ratsa wata ƙasa fara fat, ƙasar gishiri, har gindin dutsen da wata tsohuwa take gadin garwashi. Tsohuwar ta ba ta guda ɗaya a kasko. A hanyar dawowa duk sa'ad da garwashin zai mutu sai ta ciyar da shi wani abu nata: ɗankwalinta, takalmanta, zanenta na sama, daga ƙarshe gashin kanta. Ta iso gari da wuta, kai ƙwal. Mutane suka yi layi kowa ya kunna murhunsa, suna tafe suna dariyar kanta. Nan tatsuniyar take ƙarewa.

Dela ta san inda ta samo ta. Shekarun farko na zuwanta Jidda ta yi aikatau a unguwar Bagdadiyya, a gidan wani likita Bajamushe. Matarsa, Sitt Hilda, takan karanta wa 'ya'yanta littafi mai hotuna kafin su yi barci, Dela tana gefe tana naɗe kayan wanki. Wata rana matar ta ga tana leƙen hoton, sai ta ba ta labarin da gurguwar Larabcinta. A littafin, farar ƙasar ƙanƙara ce, wai daga sama take zubowa kamar gari ta rufe gonaki. Dela ta san ƙanƙara, mai amalanke yakan kawo ta cikin buhu, amma ta san in ta ce wa yaran Sa'alaba tana zubowa daga sama za su ce Hajja ta fara ƙarya da yawa. Sai ta mai da ita gishiri. A littafin kuma akwai ɗan sarki da ya ga yarinyar ya aure ta, gashinta ya tsiro na zinariya. Wannan Dela ta cire shi. Ta yi wa mutane hidima iyakar ƙarfinta, ba ta taɓa ganin inda aka yi haka ba.

Alhaji Ubale yana da kanti a kasuwar Balad, yana sayar wa alhazai turare da carbi da darduma. Yana da rufin asiri, amma abin da yake nema asali ne. Maƙwabcinsa a kasuwa, Abdulghaffar, wanda kakanninsa suka zo aikin hajji tun zamanin Turkawa, yakan tsokane shi cewa irinsu mutanen Sudan ba su nan ba su can, sun baro ƙasar Hausa sun manta hanya, sun zo Hijaz ba su iya ƙulla rawani ba. Alhaji Ubale kuwa yana da amsa guda: kakansa madugu ne, shi yake jan ayarin gishiri daga Bilma zuwa Kano kafin ya yi gabas. Shaida ce dai babu. Akwai wani tela da ya taɓa zama a gidansa kyauta, ya yi subul da baka a wajen wani suna ya ce shi dai abin da ya ji, kakan Alhaji jakuna yake kora wa madugun. Kafin sallar isha'i kekensa na ɗinki yana titi.

Ranar da Alhaji Ubale ya wuce ta bakin sandaƙar Dela ya ji ana maganar ƙasar gishiri, sai ya tsaya cak. Da aka gama ya ce wannan ai tatsuniyar gidansu ce, labarin hanyar Bilma ne, ko shakka babu daga matan ayarin kakansa ta fito, tunda kakar Dela ma mutuniyar wajen ce. Bai tambaye ta ba. Faɗa mata ya yi. Dela ta dubi kwanon rufin da yake yoyo, ta dubi Alhaji, ta ce Allah Ya jiƙan magabata. Sati bai zagayo ba aka kwashe kayanta zuwa ɗaki mai siminti da fanka.

Ko wannan ƙarya ce? Ba ta ce komai ba sai addu'a ga matattu, kuma matattu suna bukatarta. Amma ta san abin da shirunta ya sayo. Shekara da shekaru tana juya maganar a ranta, wani lokaci ta wanke kanta, wani lokaci ta kasa. Duk baƙon da Alhaji ya yi daga Madani ta Sudan ko Kano, sai an kira Inna Dela ta yi masa 'yar mai gawayi, Alhaji yana gefe yana gyara mata sunayen rijiyoyin hanyar da bai taɓa takawa ba.

Ana nan sai ga wani Bature Bajamushe, Khawaja Rainar. Malamin makaranta ne, yana koyar da 'ya'yan Jamusawan wani kamfani da yake aiki a tashar jiragen ruwa. Ya karanta Larabci a jami'ar ƙasarsu, saboda haka in yana tambayar kuɗin tasi sai ka ce huɗuba yake yi. Mai gadin makarantarsu, mutumin Sa'alaba, shi ya taɓa ba shi labarin 'yar mai gawayi a taƙaice, Khawaja ya rasa sukuni har sai da aka haɗa shi da Alhaji Ubale. Alhaji ya sa rana, ya kuma gayyaci Abdulghaffar, don abin da zai faru bai kamata a ce ya ji shi a bakin wani ba.

Dela ta ji labarin zuwansa a bakin Mastura, matar Alhaji. Da ta ji ƙasar da baƙon ya fito, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta zauna. Ta ce kanta yana ciwo. Mastura ta ce ta sha magani, Alhaji ya riga ya sayi rago.

Khawaja ya iso bayan la'asar da rikodarsa a rataye, yana so a fara nan take. Aka gaya masa ba a tatsuniya da rana. Wannan ya faranta masa rai ƙwarai, ya ce alama ce ta daɗewar abu. Aka zaunar da shi a soro, aka yi ta ɗura masa shayi, shi kuma ya yi ta bayani.

Ya ce tatsuniyar nan babu gidan da ba a san ta ba a ƙasarsu. An buga ta a littafi tun zamanin kakannin kakanninsa, mai littafin ya rubuta cewa daga bakin wata tsohuwar ƙauye ya ji ta. Mutanensu suka yi ta alfahari, wai ga ruhin ƙasarsu nan tsantsa, babu gauraye. Daga baya masu bincike suka tono cewa tsohuwar ƙauyen budurwa ce 'yar masu hali, a birni take, kuma a wani littafin Faransanci ta karanta labarin. Shi littafin wata matar fada ce ta rubuta don kashe zaman banza, ita ma ta ɗebo ne daga littafin wani mutumin Italiya. Khawaja ya ce abin da ya fi ba shi haushi a duniya shi ne yadda manyan malamai suka yarda da zancen tsohuwar ƙauye don kawai suna so ya zama gaskiya. Shi ya gaji da littafi a kan littafi. Yana neman bakin da bai taɓa haɗuwa da takarda ba.

Alhaji Ubale ya gyaɗa kai ya ce shi bai yi mamaki ba. Mutanen da suka ɗauke ƙasashe sukutum, tatsuniya ce za ta gagare su? Ya roƙi baƙo kada ya ji haushi. Baƙo ya ce ai ra'ayinsa ke nan shi ma. Abdulghaffar yana jan carbi, ya ce to madalla, ɓarawo da mai kaya sun shirya tun kafin a ga kayan.

Bayan an idar da magariba aka shimfiɗa darduma a tsakar gida, mata suka taru a bayan labule, aka kira Dela. Ta fito a lulluɓe, ta gaishe da baƙo ba ta dube shi ba. Khawaja ya danna rikoda. Dela ta fara, da yarinyar ta shiga ƙasar gishiri sai bakin ya kama hanyarsa. Alhaji yana fassarawa, yana ƙara raƙuma inda babu su.

Da aka zo ƙarshe Khawaja ya jira ɗan sarki. Ya tambaya ko an manta wani yanki. Aka ce iyakarta ke nan. Mutumin ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce wannan ita ce uwar, sauran duk 'ya'ya ne. Gishiri ya girmi ƙanƙara a labarin, domin ayari ya girmi littafi. Ɗan sarki kuwa ƙari ne na matan fada, waɗanda ba sa iya barci sai an ɗaura aure. Wannan ƙarshe mai ɗaci, in ji shi, ba mai iya ƙirƙirarsa sai al'umma tun tana ɗanya.

Da a nan aka tsaya, da kowa ya kwana lafiya. Amma Alhaji Ubale ya ɗan zauna a gaban malamai a Harami, ya tsinci cewa magana ba ta da daraja sai da isnadi, wato a jero waɗanda suka karɓe ta baki da baki har zuwa tushe. Ya gyara zama ya jero nasa: Inna Dela daga kakarta, kakarta daga ƙanwar madugu, ita kuma daga wata baiwar Allah a Bilma. Khawaja, wanda ya ci jarrabawa a kan wannan fanni, ya ce tsarin ya yi kyau matuƙa, sai dai sharaɗi ne mai ruwaya ta tabbatar da bakinta. Alhaji ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya juya wajen Dela, ya yi maganar da Larabci don baƙo ya ji, da irin muryar da yake rantse wa alhazai cewa turarensa na Kambodiya ne.

"Ya Hajja, tsakaninki da Allah, daga bakin wa kika karɓi wannan labari?"

Shi ado ya ɗauki kalmar, yana faɗinta sau da yawa kullum a kanti. Ita kuwa tsohuwa ce da likkafaninta yake ƙarƙashin katifa, an wanke shi da zamzam. Duk tsawon zamanta a gidan ba wanda ya taɓa tambayarta, balle ya haɗa ta da Allah. Ta tuna tela da kekensa. Ta tuna sandaƙa, wadda yanzu ma an rushe ta an yi garejin motoci a wurin.

Ta ce, "Daga bakin Sitt Hilda, matar likita, a Bagdadiyya. Ina yi musu wanki. A littafin 'ya'yanta yake."

Abdulghaffar ya ja gefen gutrarsa, mayafin nan na kai, ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Rikoda tana ta juyawa, sai da Khawaja ya miƙa hannu ya kashe ta.

Alhaji Ubale ya ce da Hausa, a hankali, "Inna, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Kai ka ce tsakanina da Allah, Alhaji."

Khawaja ne ya fara samun bakin magana. Ya ce wannan sananne ne a wajen masu bincike. Tsofaffi sukan haɗa zamani da zamani, su ɗora abin ƙuruciya a kan fuskar da suka sani daga baya. Wataƙila ta ga littafin a gidan likitan, ta gane labarin kakarta a ciki, shekaru suka juya mata abin. Ya ce labari ba ya tafiya da baya. Ba a taɓa ganin mai aikatau ta cire ɗan sarki daga tatsuniya ba, ƙara shi ake yi. Kuma wace dabara ce za ta sa mace marar karatu ta mai da ƙanƙara gishiri daidai yadda ya dace da hanyar ayari?

Dela ta buɗe baki za ta gaya masa dabarar, Alhaji ya riga ta. Ya ce wallahi Khawaja ya faɗi abin da suke ɓoyewa. Kwanakin nan Inna ba ta cika gane kanta ba. Shekaranjiya ta kira Mastura da sunan wata matacciya, jiya ta sa sukari a miya. Ya ɗaga murya ya tambayi bayan labule ko ba haka aka yi ba. Mastura ta ce haka ne.

Abdulghaffar ya sauke gutra daga bakinsa. Ya ce shi jahili ne, bai yi jami'a ba, bai kuma gaji madugu ba, amma yana ganin abin da sauƙi. Wadda ta yi shekaru a gidan Jamusawa tana renon 'ya'yansu ba za ta rasa jin yarensu ba.

"Yalla, ya Khawaja, yi mata magana da harshenku. In ta amsa, halas, magana ta ƙare. In ba ta amsa ba, ni da kaina zan riƙa kiran Alhaji jikan madugu a tsakiyar kasuwa."

Khawaja bai so ba, amma babu hanyar ƙi. Ya juya wajen tsohuwar, ya yi gyaran murya, ya faɗi wata gajeriyar magana da Jamusanci, irin wadda uwa take yi wa yaro in ta rufa masa bargo: ko ya wanke hannu, ko ya yi addu'a.

Dela ta ji kowace kalma. Ta ma san amsar, yadda ƙaramar 'yar likitan takan faɗe ta tana turo baki, da 'yar waƙar da take biyo baya. Abin ya taso mata har maƙogwaro, da ɗumin ɗakin yaran da warin sabulunsu. Kalma uku za ta faɗa, kowa a tsakar gidan ya san ba ta ruɗe ba.

Ta dubi mazan. Khawaja yana kallonta kamar mai jiran sakamakon asibiti. Alhaji ba ya kallonta, ƙofar ɗakinta yake kallo. Abdulghaffar kaɗai yake so a gaskata ta, shi ma ba don ita ba, don ya samu abin ba'a ne a kasuwa gobe; in an fitar da katifarta titi ba shi zai ɗauka ba. Ta lissafa a ranta cewa tambaya ɗaya aka haɗa ta da Allah, ta kuma amsa ta a gaban shaidu. Wannan ta biyun ba wanda ya ambaci sunan Allah a kanta. Ko hisabi yana bin irin wannan lissafi, ba ta sani ba.

Ta ce, "Alhaji, me baƙon nan yake cewa?"

Alhaji Ubale ya sauke numfashi, ya ce ba komai Inna, gaishe ki yake yi. Khawaja ya mai da tabarau. Ya ce don kada maganar ta rikitar da waɗanda za su saurara a ƙasarsu, gara a goge wannan ɗan yanki. Ya mai da kaset baya, ya danna, Alhaji ya sake jero isnadin a kan muryar Dela, wannan karon har da sunan rijiyar da baiwar Allah ta Bilma take zaune kusa da ita. Aka kawo rago.

Abdulghaffar bai tsaya cin nama ba. Da zai fita ya ratsa ta gabanta yana neman takalmansa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Hajja, na ga leɓenki ya motsa." Ta ce tasbihi take yi. Ya ce Allah Ya karɓa.

Bayan baƙi sun watse Alhaji ya tara mutanen gida. Ya ce kowa ya shaida, ɗakin nan na Inna ne har ranar da Allah zai karɓi abinsa. Ba za a ce shi Ubale, jikan madugu, ya kori tsohuwa don hankalinta ya fara gushewa ba. Amma daga yau kada a bar ta ta fita bakin masallaci ita kaɗai, kada kuma a bar ta da baƙi in ba ya nan, don ba a san abin da za ta faɗa ba. Mata suka yi ta sa masa albarka. Mastura ta kama hannun Dela ta raka ta ɗaki, tana yi mata magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar yadda ake yi wa kurma.

Da safe aka kira wani kafinta ya zo. Alhaji ya ce wanda ya ruɗe ba a barinsa ya kulle kansa, kada wani abu ya faru a rasa yadda za a shiga. Dela tana zaune a bakin katifa tana kallo kafintan ya kwance sakatar cikin ƙofar, ya jefa ta a aljihu. Ya tambaye ta da ƙarfi ko akwai wani abin da take so a gyara.

Ta ce fankar tana ƙara, in zai duba.